Dila na cinye mini ƴan awaki: wace karabin ta dace da shi?

Mai-Garke, Tanut:

Assalamu alaikum manyanmu maharba. Garkena yana arewa da Tanut, kuma tun da kaka ta wuce dila ya sa ƴan awaki da ƴan raguna a gaba, galibi da sassafe in an sako su, ko da yamma lis. Wurin fili ne fetal, ba ya yarda a matso shi ƙasa da mita 120 zuwa 150. Ina cikin neman takardun riƙe bindiga, sai dai an raba mini hankali uku. Wani ya ce ƙaramar bindigar nan .22 LR ta wadatar, ga arahar harsashi. Wani ya ce in sayi kalibar 12, wato bindiga mai watsa ƙwayoyin dalma, mai baki ɗaya irin Baikal da kowa ya sani. Na uku ya ce in ba .243 ba to ɓarnar kuɗi ce. Ga kuma kurege da gafiya da ke tone mana shuka. Shin akwai bindiga guda da za ta yi duka ayyukan nan? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Maharbi, Gure:

Wa alaikumus salam, ɗana. Bindiga guda ba za ta yi maka aikin biyu yadda ya kamata ba, don dabbobin da ka lissafa ba sa'o'in juna ba ne. Kurege bai cika wuce kilo 1 ba, gafiya kilo 1 zuwa 1 da rabi, kuma dukansu a mita 20 zuwa 50 ake harbinsu. Dilan ƙasarmu kuwa yana kai kilo 7 zuwa 15, ga shi kai da kanka ka ce a mita 150 yake tsayawa. Tun da dila ne ke cin dukiyarka, shi za ka saya wa bindiga. Kurege da gafiya tarko ma yana maganinsu.

Mu fara da .22 LR. Kan harsashinta giram 2.6 ne, yana fita daga bututu da gudun wajen mita 370 a daƙiƙa, ƙarfin dukansa wajen jul 180 a bakin bindiga (jul shi ne ma'aunin ƙarfin duka). Kafin ya kai mita 100 ya ragu zuwa wajen 120. In ka yi mata saiti a mita 50, a mita 100 harsashin ya riga ya sauka santimita 12 zuwa 15, daga nan kuma saukar sai ƙaruwa take da sauri. Ga kurege a mita 40 ba ta da tamka: ba ƙara mai yawa, ba shuri, harsashi da sauƙi. Amma ga dila a mita 150, ko ka same shi jikkata shi kawai za ka yi, ya je ya mutu a rami bayan kwana biyu da azaba, ko ya warke ya ƙara wayo. Wannan ba harbin maharbi ba ne, kuma ba na goyon bayansa.

Akwai ƴan uwanta biyu da ake yawan ambata. .22 Magnum tana tura kai mai nauyi ɗaya da gudun wajen mita 570, ƙarfi ya haura jul 400, tana kashe dila da kyau har mita 80 zuwa 100 in an same shi a haƙarƙari. .17 HMR, wadda kamfanin Hornady ya fitar a 2002, kanta giram 1.1 ne kawai amma gudunsa ya kai wajen mita 775. Tana miƙewa sosai, sai dai kan ya yi sauƙi da yawa, yakan tarwatse a ƙashin kafaɗar dila bai shiga ciki ba. Duka biyun sun gaza nisan da kake magana.

Abin da ya dace da kai shi ne .222 Remington. An fito da ita a Amurka a 1950. Kanta giram 3.2, gudu wajen mita 960 a daƙiƙa, ƙarfi kusan jul 1,500 a baki, kuma a mita 150 har yanzu yana ɗauke da sama da 800. Wato a inda dilanka ke tsayawa tana da ƙarfin da ya ninka na .22 LR a bakin bututu fiye da sau huɗu. Shurinta kaɗan ne, har kana iya ganin inda harsashi ya sauka ta cikin madubin aunawa da ke kan bindiga, kuma wannan yana da muhimmanci ga wanda bai saba ba, don yawancin kuskuren sabon maharbi daga tsoron shuri yake zuwa: ya runtse ido, ya fizgi kunama, bakin bindiga ya kauce.

Inda za ka auna: bayan kafaɗa kaɗan, a tsakiyar tsayin ƙirji. Wurin huhu da zuciyar dila faɗinsa bai wuce santimita 10 zuwa 12 ba. Ka kafa kwali, ka zana da'ira mai faɗin santimita 10. Nisan da kake iya zuba harbi biyar a jere cikin da'irar nan, shi ne iyakarka, ko me aka rubuta a jikin kwalin harsashi. Kada ka auna kai. Kan dila ƙarami ne, ba ya tsayawa wuri guda, kuskuren santimita 3 ya isa ya karya masa muƙamuƙi ya bar shi da rai.

Mai Gyaran Bindiga, Zango:

Baba ya yi gaskiya a kan .222. Zan ƙara abin da ke biyo bayan saye, don a nan ne mutane suka fi asarar kuɗi.

Kafin ka zaɓi bindiga, Malam, ka fara tambayar mai sayarwa mai lasisi wane harsashi yake iya kawo maka a kai a kai. Karabin da ba ka samun harsashinta ta hanyar halal sanda ce mai tsada. A Faransa .222 ta yaɗu sosai, kuma da dalili: har zuwa 2013 dokar Faransa tana sa kalibar da soja ke amfani da su cikin jerin makaman yaƙi, shi ya sa maharbansu suka rungumi .222 maimakon .223.

Ita .223 Remington a wajen aiki ƙanwar .222 ce da ta ɗan fi ta: kai giram 3.6, gudu wajen mita 990, ƙarfi wajen jul 1,750. Dila ba zai gane bambancin ba. Matsalarta a wurinmu ita ce kwansonta siffa ɗaya ne da harsashin soja 5.56, sai wani ya zo ya ce zai samo maka da araha. Kada ka karɓa ko kyauta ne. Na farko, harsashin yaƙi a hannun farar hula babban laifi ne, balle a wannan hali na tsaro da ake ciki. Na biyu, maƙogwaron bututun .223 ya fi na bindigar soja gajarta, in ka sa 5.56 matsin wuta na iya haurawa, ka ga sakata, wato ƙarfen da ke kulle harsashi a gindin bututu, ta ƙi buɗuwa ko gindin kwanso ya fashe. Na uku, kan harsashin soja a rufe yake ruf da jan ƙarfe, ba ya buɗewa a jikin dabba. Ratsa dila yake ya yi ƙaramin rami ya wuce, ya je ya faɗa inda ba ka nufa ba.

Irin kai da za ka nema biyu ne: mai dalma a buɗe a tsini, wanda ke baje kansa in ya shiga nama, ko mai ɗan tsinin roba irin V-Max, wanda ke tarwatsewa a ciki. Na biyun ya fi aminci a ƙasa mai tsauri. Kun san duwatsun Damagaram, daga Birni har hanyar Mirriya, harsashi mai tauri in ya daki dutse karkacewa yake ya tafi da kuka. .22 LR ma ta fi kowa wannan hali, don dalmarta ba ta da gudun da zai farfasa ta. Ita kaɗai tana iya tafiyar kilomita 1.5, su .222 kuwa suna kai wajen kilomita 3. Saboda haka kada ka harbi dila yana kan tudu sararin sama na bayansa. Sai ka ga ƙasa ko jigawa a bayansa, ka kuma tabbata babu ruga, rijiya ko burtali a layin.

Sai maganar murɗin cikin bututu. Akwai tsagi da ke juya harsashi don ya tafi a miƙe. A yawancin .222 tsagin yana zagayawa sau ɗaya a inci 14, wajen santimita 35. Wannan yana riƙe kai mai giram 2.6 zuwa 3.6. In ka sa wanda ya fi haka tsawo da nauyi ba zai juyu sosai ba, sai ka ga ramin da ya yi a kwali ya zama dogo maimakon zagayayye, alamar a kaikaice ya isa. Mutum ya yi ta zargin madubi alhali harsashin ne bai dace da bututun ba.

Karabin mai sakata ka nema, irin CZ 527 ko Tikka T3x, don ƙura ba ta cika hana ta aiki ba. Madubi mai kusantarwa sau 3 zuwa 9 ya isa, amma gilashin gaba ya kai milimita 50 saboda hasken sassafe. Yadda ake saiti: ka ɗaure kusoshin madubi tamau. Ka ɗora bindiga a kan buhun yashi biyu, ɗaya a gaba ƙarƙashin itacen, ba ƙarƙashin ƙarfen bututu ba, ɗaya a gindi. Ka zare sakata, ka leƙa ta cikin bututu har ka ga tsakiyar kwalin da ka kafa a mita 25, sannan ka murɗa madubi har giciyensa ya hau wurin ba tare da bindiga ta motsa ba. Ka yi harbi uku. Ka matsa da kwali mita 100, ka sake uku, ka auna daga tsakiyar ramukan uku, ba daga wanda ya fi yi maka daɗi ba. A madubin Turai kowane ƙas ɗaya na maɓallin saiti santimita 1 ne a mita 100, a na Amurka galibi milimita 7. Ka gyara har harbinka ya riƙa sauka santimita 4 sama da tsakiya a mita 100. Da wannan saiti harsashin zai dawo daidai a wajen mita 180, ke nan daga gabanka har can ba ka da lissafin sama ko ƙasa, ka auna ƙirji kawai. Ka riƙa barin bututu ya huce minti biyu ko uku tsakanin harbi, don siririn bututu in ya yi zafi yakan ɗan lanƙwasa, harbi ya riƙa tafiya gefe guda. In ka canza kamfanin harsashi ko nauyin kai, saitin ya tashi, sai an sake.

Zafinmu ma yana da nasa. A watan Afrilu da Mayu, harsashin da aka bari a gaban mota cikin rana yana ɗaukar zafin da zai ƙara matsin albarushi, harbi ya tashi sama da inda ka saba. Ka ajiye shi a inuwa cikin akwati mai murfi. Mai kuma kaɗan ake sawa. In ka jiƙa sakata da mai lokacin hunturu, ƙura ta haɗu da shi ta zama abin da ke cin ƙarfe. Ka shafa da tsumma ka goge har ya kusa bushewa. Ɗan salatif guda a bakin bututu yana hana yashi shiga, kuma iskar da ke gaban harsashi ce ke ture shi, ba ya ɓata saiti.

Ɗan Damargu:

Da izinin Baba, ni ina da ja kaɗan. Duk lissafin da aka yi na ranar da iska ta kwanta ne, mu kuwa daga Nuwamba zuwa Maris iskar gabas ba ta hutawa a Damargu, kuma lokacin ne dila ya fi matsa wa garke don ɓeraye da fara sun yi ƙaranci. In iska mai gudun kilomita 16 a awa tana bugowa daga gefe, tana ture kan .222 wajen santimita 9 a mita 150, wajen 17 a mita 200. Ta .243 Winchester mai kai giram 6.5 a mita 200 wajen santimita 10 ne kawai. In iskar ta ninka, turin ma ya ninka. Ku tuna wurin kisan faɗinsa santimita 10 ne. Saboda haka wanda ya ce masa .243 bai yi shirme ba.

An fito da ita a 1955, kaurin kanta milimita 6.2, gudu wajen mita 900, ƙarfi ya haura jul 2,600. Tana da kawuna daga giram 3.6 har 6.5, don haka tana ɗaukar dabbar da ta fi dila girma nesa ba kusa ba, abin da .222 ba za ta yi da tabbas ba. Aibinta a fili yake: harsashi ya fi tsada, ƙara ta fi yawa, shuri ya ninka, bututu ya fi saurin cinyewa, kuma tana tafiya nesa fiye da sauran in an kuskure. Akwai .22-250 ma, gudunta ya wuce mita 1,100, amma kanta irin na .223 ne, abin da take ragewa a iska bai kai wahalar neman harsashinta ba.

Na yarda cewa in nisan bai wuce mita 150 ba .222 ta ishe shi, da sharaɗin ya koyi zaɓen wurin zama. Ya zauna yadda iska za ta riƙa bugo fuskarsa kai tsaye. Ta haka turin gefe ya ragu ƙwarai, kuma dila ba zai shaƙi warinsa ba, don hancinsa ya fi idonsa aiki.

Mai-Garke, Tanut:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. To ita kalibar 12 fa, a bar maganarta ke nan? Ita ce na fi ganin kartushinta.

Tsohon Maharbi, Gure:

Ba a bar ta ba, sai dai ka san iyakarta: mita 30 zuwa 35. Bayan nan ƙwayoyin dalmar sun watse, ƙarfinsu ya ƙare. Tana da amfani in za ka ɓuya kusa da turke ka jira dila ya zo da kansa. Kartushi mai lamba 2, wanda ƙwayarsa ke da kaurin milimita 3.75, ko lamba 0 mai 4.25, nauyin dalma giram 34 zuwa 36. Lamba 6 da 7 na zabi ne da kurciya, fatar dila kawai za su tsaya. Ka gwada a babban kwali a mita 30, ka ga ko akwai gibin da ƙirjin dila zai shige ba a taɓa shi ba. In akwai, ka rage nisa ko ka canza kartushi.

Ka duba rubutun da ke jikin bututu. In an sa 12/70, wato kartushi mai tsawon milimita 70, kada ka sa mai 76. Zai shiga lafiya lau, don tsawon da ake faɗa na kartushin da ya riga ya buɗe ne, amma in ya tashi bakinsa ba shi da wurin buɗewa, matsi ya haura abin da ƙarfen zai ɗauka. Bindigar da maƙeri ya yi da bututun ruwa kuwa kada a kusantar da ita da kartushin zamani ko kaɗan.

Maganar ɗan'uwanmu na Damargu a kan iska gaskiya ce. Duk da haka ga mai farawa ina nan a kan .222, don mutum ya fi harbi daidai da bindigar da ba ya tsoro, kuma ya fi yawan gwaji da wadda harsashinta bai yi masa tsada ba. Ranar da iska ta yi ƙarfi, ka rage nisa zuwa mita 100 ko ka haƙura.

Malamin Dabbobi, Mirriya:

Alhaji, kafin ka biya kuɗi akwai abubuwa biyu da suka rage, doka da tabbatar da mai laifi.

Takardar riƙe bindiga daban, daga hukumomin cikin gida take fitowa. Izinin farauta daban, wannan na jami'an daji ne, wato Eaux et Forêts. Dokar farauta mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ta hana farautar dare ko da fitila ko babu, ta hana harbi daga kan mota ko babur, ta hana guba da makaman yaƙi. Don haka ka je ofishinsu na Tanut ka kai ƙarar ɓarnar, su gaya maka abin da aka halatta maka da lokacinsa, ka riƙe takarda a hannu. Kada garke ya kai ka cikin gandun Termit da Tin Tumma da bindiga, tun 2012 wurin a kare yake. Guba kuwa ina roƙon kowa ya bar ta ko da doka ba ta hana ba. Mushen da aka barbaɗa wa magani yana kashe ungulu da yawa a rana guda da karnukan garke, dilan da ake nema kuma sau da yawa ya kewaye shi.

Ka duba mushen da kyau. Dila a maƙogwaro yake kamawa, za ka ga ƙananan ramukan haƙori a wuya, sannan ya buɗe ta kwiɓi ya ci kayan ciki, galibi dabba guda a lokaci guda. Karnukan da suka zama na daji suna cizo barkatai a cinya da gindi da kunne, su raunata uku ko huɗu su ci kaɗan. Kura tana jan mushe ta tafi da shi, tana tauna ƙashi har ba ka samun komai sai ƙaho da kofato. In kura ce, .222 ta yi mata kaɗan, kuma maganarta ta jami'an daji ce, ba taka kai kaɗai ba. Yanyawa kuma a ƙyale ta. Nauyinta bai cika wuce kilo 3 ba, ba ta iya ɗan akuya, abincinta ɓeraye da fara da gara, in ka kashe ta gonarka ce za ta biya.

Ba duk dila ne ke cin awaki ba, galibi guda ne ko miji da mata da suka koya. Su za ka nema a wurin da suke ɓarnar. In ka share duk na yankin, waɗansu ne za su shigo su cike gurbin cikin ƴan watanni. Ƴan awakin da ba su kai wata biyu ba a bar su a shingen ƙaya mai tsayin mita 1.5 wanda aka danne ƙasansa sosai, kada a sake su sai rana ta ɗaga.

Dilan da ka gani da tsakar rana yana tangaɗi, yana dalalar da miyau, ba ya gudun mutum, ka ɗauka ciwon haukan kare ne. Kada ka harbe shi a kai, don ƙwaƙwalwar ce ake aunawa, kuma a cikinta da miyau cutar take. Kada a taɓa shi da hannu tsirara, kada a feɗe, kada a bar karnuka su kusance shi. A sanar da ma'aikatan kiwo, in sun gama a binne shi a rami mai zurfin mita 1 ko fiye. Wanda ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a kai shi asibiti a ranar don allura, kada a jira alama ta bayyana. Karnukan garkenka ma a yi musu rigakafi kowace shekara.